Abin da Baba Yake Ji a Bango

A shekarar da aka kafa injin casar shinkafa a bayan gidanmu na Rano, a shekarar ce Baba ya faɗi. Hawan jini ne ya kayar da shi a gonarsa ta wajen Madachi, aka ɗauko shi a bayan a-kori-kura. Ya daɗe a asibiti, ya dawo yana jan ƙafar hagu, hannun hagun ma ko moɗa ba ya iya riƙewa. Duk wannan mun iya da shi. Kunnensa ne ya gagare mu. Tun da ya dawo, ƙara ta zama masa azaba. In aka dire kwano da ƙarfi sai ya runtse ido kamar an soka masa allura. In kuwa injin nan ya tashi da hantsi, sai ya dafe kai da hannunsa mai lafiya, yana salati, gumi yana keto masa, har a kashe shi bayan la'asar.

A lokacin ina aure a Unguwar Gai ta Kibiya. Maigidana ya ba ni izini na dawo gida jinya, don Inna ita kaɗai ba ta iya juya Baba. Mu biyu ne 'ya'yansu da suka rayu, ni da yayana. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata.

Dattawan unguwa sun je wurin mai injin. Ba mugun mutum ba ne. Ya zo har zaure ya duba Baba, ya sa aka juya bututun hayaƙi ya kalli wani gefen, amma ƙarar tana nan yadda take, don lungu ɗaya siriri ne tsakanin rumfarsa da bangon ɗakin Baba. Na ce a mayar da Baba gidana, can babu inji sai kukan zabi. Ya ce ba zai je ya kwanta a gidan suruki ana kwashe masa fo ba. Yaya ya ce to a kai shi Kano. Baba ya ce Kano ai ita ce uwar ƙara.

Yaya yana aiki a Kano, a wani ƙaramin kamfani da ke gyaran ƙananan jiragen sama. A Rano mutane suna cewa tuƙin jirgi yake yi, shi kuma ya gaji da gyara musu. Ko injin jirgi ba ya taɓawa. Aikinsa cikin jirgi ne, wato bangon da fasinja yake jingina da shi da rufin da ke saman kansa. Wata Asabar ya zo ya tarar da Baba ya cusa tsumma a kunne yana rawar jiki. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Da ya fito tsakar gida ya ce da ni:

"Wannan ƙarar ba ta kai ta injin jirgi ba. Kuma mutane suna barci a jirgi. Ki bar ni da shi."

Bayan mako biyu ya dawo da mota cike da wasu farare-fararen allunan bango, waɗanda aka cire daga wani tsohon jirgi da ake sabunta cikinsa, aka ce a zubar. Na ɗaga ɗaya, tsawonsa ya kai ƙofa, na kusa faɗuwa ta baya saboda na sa ƙarfi, ashe ko tabarmar kaba ta fi shi nauyi. Gefen wani ya ɓalle, sai na ga cikinsa ramuka ne ƙanana a jere kamar saƙar zuma, an rufe su gaba da baya da wani abu siriri mai tauri.

Na ce, "Yaya, wannan abin da iska za ta ɗauka shi ne zai tare ƙarar inji?"

Ya yi dariya ya ce, "Shi kaɗai ba zai tare ba. Nan wahalar aikinmu take. Jirgi ba ya son nauyi, ita kuma ƙara abu mai nauyi take jin tsoro. Marar nauyi kaɗawa yake yi kamar fatar ganga, ya miƙa ta ciki. Sai dai ka yi mata dabara. Kada ka bari allon ya taɓa bangon waje. Ka bar fili a tsakani, ka cusa wannan." Ya nuna mini wasu dammuna na wata auduga ruwan ɗorawa, ya ce kada in taɓa da hannu, ƙaiƙayi take sawa. "Inda katako zai haɗu da allo ka sa roba. Sannan ka toshe kowace kafa. Duk inda iska ta bi, ƙara za ta bi."

Shi da wani kafinta suka yi aikin. Ɗakin Baba ginin ƙasa ne tun na kakanmu, da rufin kwano. Suka kafa katakai a jikin bangon, suka cusa audugar, suka lulluɓe da allunan nan ta kowane gefe har sama. Ƙaramar tagar da ke kallon lungu suka toshe ta gaba ɗaya. Ta tsakar gida suka sa mata gilashi biyu. Ƙofar ma aka yi mata leɓen roba, in ka rufe sai ta yi wani ɗan numfashi. Yaya ya bar wani bututu mai lanƙwasa a sama don iska. Da aka gama, ɗakin ya koma fari fat, sumul, babu tsaga ko ɗaya, kusurwoyinsa a lanƙwashe. Inna ta leƙa ta daɗe tana kallo, ta ce a hankali, "Sai ka ce inda ake sa mutum a rufe." Nan da nan ta yi a'uziyya ta koma madafa.

Washegari da hantsi injin ya tashi. Muna ciki mu uku, ni da Yaya da Baba, Yaya ya tura ƙofar. Ƙarar ta koma can nesa kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Baba ya cire tsumman kunnensa a hankali, ya saurara, sai hawaye. Ya kama hannun Yaya ya riƙe. Ranar ya yi barci har azahar ta wuce, muka tashe shi sallah.

Watannin bazara mun ji daɗinsu. Baba ya fara cin abinci, ya fara takawa da sanda zuwa zaure da yamma in an kashe inji. Inna ce kawai hankalinta bai kwanta ba. Ɗakinta yana manne da nasa, kuma tun tana amarya take jin tarinsa da juyinsa ta bango. Yanzu ba ta jin komai. Tana cikin tankaɗe sai ta ajiye rariya ta je ta tura ƙofar ta leƙa, ƙarar inji ta faɗa ciki, Baba ya yi tsaki, ta rufe ta dawo. Daga baya muka raba, ni ko ita, kullum akwai mai zama da shi a ciki.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Wata rana ina zaune a gefen gadonsa ina yanke masa farce, sai ya janye hannun.

"Uwata, saurara."

Na saurara. Ban ji komai ba sai numfashinsa.

"Ana ci," ya ce. Ya nuna bangon da ke kansa, na wajen lungu. "A nan ciki. Kamar mutum yana tauna gero a hankali don kada a ji shi."

Na kara kunnena a jikin allon. Sanyi kawai na ji. Na ce masa ko ɓera ne. Ya girgiza kai ya ce ya san tafiyar ɓera, wannan ba ya tafiya, ba ya kuma hutawa.

Da muka koma asibiti ganin likita na faɗa masa. Ya ce masu irin wannan ciwo sukan ji ƙara a kunne wadda babu ita, wani ya ji kamar kiɗa, wani kamar ruwa yana zuba. Ya ƙara magani. Inna kuwa tunaninta ya tafi wani wajen. Ta sa aka kira malamin unguwa ya yi karatu a ɗakin, aka yi turare. Hayaƙin ya rasa mafita, ya tsaya a sama kamar gajimare har sai da muka fitar da Baba yana tari.

Bai daina ji ba. Ya daina dai yawan faɗa, saboda ya lura da irin kallon da muke yi wa juna. Sai in shigo in tarar da shi a kwance ido biyu, ya karkatar da kai wajen bangon, bakinsa a ɗan buɗe. Ya sa muka juya masa gado, kansa ya koma wajen ƙofa. Bayan kwanaki ya ce abin ya bi shi, yanzu a sama ma ana yi.

Yaya ya zo ƙarshen wata. Na ja shi gefe na gaya masa. Ya shiga ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, yana kara kunne. Ya ce duk suna nan daram, ko motsi ba su yi ba. Ya ce da Baba, "Shirun ne ya yi yawa, Baba. In waje ya yi tsit, kunne yakan ƙirƙiro nasa." Baba ya dube shi ya ce, "To, Allah ya sa."

A wannan zuwan ne na gano wani abu. Yaya yana wanke hannu a bakin rijiya, na kira shi daga bayansa, ta hagu, har sau uku bai juyo ba. Sai da na zagayo gabansa. Na tuna yadda kwanan nan yake karkato da gefen dama in ana magana, da yadda yake ɗaga murya a waya. Na tambaye shi kai tsaye. Ya ce shekarun da ya yi a rumfar jirage ana tayar da injina a gefensa sun cinye masa kunnen hagu, na daman ma ya fara. Ya ce kada in gaya wa Inna. Na yi alkawari. Sai da motarsa ta tashi na tsaya a zaure ina tunanin cewa da wannan kunnen ya saurari bangon.

Daga nan ni ma na fara lura. Ɗakin ya soma wani wari, irin na ƙasa in an yi yayyafin farko, amma mai nauyi, ba ya fita. Ƙofar da take rufuwa da yatsa ɗaya ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa. Da safe in na zo shara sai in ga wani jan gari siriri a gindin allunan, a layi, kamar an barbaɗa. In share, gobe ya dawo. Na zagaya lungu don in ga bangon ta waje, na tarar ɓuntun shinkafa da ake zubarwa daga injin ya taru ya hau jikinsa har ya wuce tsayina, ya jiƙe ya yi baƙi yana tururi. Ba a ganin bangon ko kaɗan. Ta ciki allo, ta waje ɓuntu.

Na kira Yaya a waya, ina ɗaga murya. Ya ce aiki ya riƙe shi, akwai jirgin da ake jira, amma ranar Asabar zai zo ya cire allo ɗaya a duba. Ya ce kafin nan a fitar da Baba daga ɗakin in ya yarda.

Baba ya yarda tun kafin in rufe baki. Da safe muka shimfiɗa masa katifa a zaure, wanda ya fi ko'ina nisa da lungu. Da injin ya tashi na ga yadda jikinsa ya ɗauka. Watannin shirun nan sun sa kunnen ya ƙara laushi. Ya cusa auduga a kunne, ya naɗe kai da rawani, ya juya ya fuskanci bango. Ya daure har wajen azahar. Sai ya fara amai, idonsa ya yi ja, jijiyar goshinsa ta tashi. Inna ta ce wannan ai wani faɗuwar zai sake yi. Na ruga wurin mai injin, aka ce ya tafi kasuwa, yaransa kuma suka ce shinkafar mutane ce a ciki, ba za su iya kashewa ba sai ya dawo.

Da na dawo Baba ya kama zanena.

"Uwata, mayar da ni."

"Baba, kai ka ce ana cin bangon."

"Ana ci. Amma can a hankali ake yi. Mayar da ni."

Muka mayar da shi. Muka ja gadon zuwa tsakiyar ɗaki, iyakar inda zai iya nisa da kowane bango. Aka shirya cewa da rana kawai zai zauna a ciki, in an kashe inji a dawo da shi zaure, har Yaya ya zo. Da mai injin ya dawo ya yi alkawarin zai sa a kwashe ɓuntun da zarar ruwa ya ɗauke.

Ruwa bai ɗauke ba. Marka aka shiga, sama ta yi duhu, ana ta zubawa ba ƙarfi ba tsayawa. Ranar Alhamis bayan azahar ina zaune da shi, ya ce yana son kunu mai ɗumi. Kafin in fita ya ce, "Yau sun yi shiru." Na ce to alhamdu lillahi. Ya ce, "A'a. Ba irin wannan shirun ba." Na ce yanzu zan dawo, na ja ƙofar da ƙyar.

Ina madafa ina dama kunu, Inna tana gefe tana gyaran zogale. Ban ji ƙara ba. A tafin ƙafata na ji, kamar an jefar da buhun hatsi a ɗaki na kusa. Ruwan da ke cikin bokiti ya yi rawa. Muka dubi juna. Sai injin ya mutu, a lokacin da bai taɓa mutuwa ba, kuma a cikin shirun muka ji ihun maza daga lungu.

Na ruga ƙofar Baba na tura, ko motsi. Na doka da kafaɗa, na kira shi, babu amsa. Na fita ba mayafi na zagaya lungu. Bangon baya gaba ɗaya ya zauna, ya zube ciki, kwanon rufi ya sunkuyo a kansa. Inda ɗakin Baba yake sai tudun jar laka da ɓuntu, da gefen wani farin allo ya leƙo.

Mai injin da yaransa da maƙwabta suka hau tono, wasu da shebur, wasu da hannu. Kowa yana kiran Baba, ana Malam, Malam. Babu wanda ya san ta inda za a fara, ana kuma tsoron a sa shebur a kansa. Mai injin ya daka tsawa ya ce kowa ya yi shiru. Aka yi tsit, sai ruwa a kan kwano. Maza suka kara kunne a laka, suka ɗago suna girgiza kai. Inna ta zo, ba ta kula da kowa ba, ta durƙusa a cikin taɓo ta kwantar da kuncinta a kan tudun. Ta matsa gaba, ta sake kwantarwa. Ta daɗe. Sannan ta dafa wani waje ta ce, "Nan. Yana tari."

Nan aka tona. Allunan sama da na bango sun karye sun haɗa kai a kan gadon kamar bukka, lakar ta hau kansu. Ba don su ba da ƙasar ta danne shi. Su ne kuma suka shanye muryarsa. Da aka ɗaga na ƙarshe muka gan shi a takure, jikinsa duk ja, idonsa a buɗe. Wani katako ya faɗo masa a ƙugu ya karya shi. Muryarsa ta dishe ƙwarai. A mota ya ce da ni tun faɗuwar yake kira, yana jin takunmu a kansa, har ya gane nawa.

Yaya ya iso gab da magariba. Kafin ya wuce asibiti ya tsaya a gidan, ina tare da shi don na dawo ɗaukar kaya. Ya shiga abin da ya rage na ɗakin ya finciko allo ɗaya daga bangon da bai faɗi ba. Bayansa gara ce ta yi gari guda. Katakan da suka kafa sun zama ɓawo, in ka matsa sai su ruguje. Audugar ta sha ruwa ta yi baƙi, bangon kuma ya yi laushi har yatsa yana shiga. Yaya ya tsaya yana kallon garar tana ta kai da kawo a fili. Sai ya zauna a cikin lakar da kayan aikinsa, ya rufe fuska.

A asibiti ya kasa haɗa ido da Baba. Baba ya yafito shi, ya yi magana, muryar ba ta fita. Yaya ya sunkuya, ya juyo da kunnen dama. Baba ya tsaya ya dube shi, ya ɗaga hannu ya taɓa masa kunnen hagun.

"Kai ma?"

Yaya ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Baba."

Baba ya sauke hannunsa. Can ya ce, "Na yi barci a ɗakin nan naka, barcin da na cire rai da shi. Allah ya yi maka albarka. Ka je a duba maka kunnen."

Ƙugun bai haɗu ba. Da aka sallame shi babu inda za a kai shi sai gidana, bai kuma yi musu ba. Maigidana ya ba shi ɗakin da ke kallon gona, shi yake ɗaga shi yana kwantar da shi, har kunyar ta saki Baba suka koma hira. Baba ya ga an yanke dawa an kai rumbu. Bayan nan da kaɗan ya rasu, wata Talata da hantsi, Inna tana riƙe da ƙafarsa.

Inna ta zauna wurina, ba ta koma Rano ba. Yaya ya sa an rushe sauran ɗakin an tayar da na bulo, ya zuba 'yan haya. A wurin aiki an ɗauke shi daga rumfar jirage an mayar da shi sito, inda ake ajiyar kaya. Ya je an duba kunnen, aka ba shi wata 'yar na'ura da yake maƙalawa, ta taimaka na wani lokaci. Zuwansa na bayan nan ya same ni ina shanya, ina ta ba shi labarin makarantar yara, na juya baya ina magana. Da na waiwayo na ga yana tsaye yana kallon bakina. Ya ce likita ya gaya masa na daman ma tafiya yake yi, ba a san ko zai kai baɗi ba.

"In za ki yi mini magana ki riƙa kallona," ya ce. "Kuma ki gaya wa Inna. Ni na kasa."

Na ajiye wankin na shiga ɗaki wurinta.